Sirajo Mai Faci da Bakin Surukinsa

Tun Sirajo yana rarrafe aka gane abin da ke cikin tukunya bai dame shi ba, marfin ne ya tsone masa ido. In an sauke miya, 'yan uwansa sai su kewaye ta suna haɗiyar yawu. Shi kuwa sai ya lallaɓa ya sure marfin ya shige bayan rumbu yana jujjuya shi, ƙudaje kuma su yi biki a cikin miya. Uwarsa ta yi ta dukansa har ta gaji, ta kai shi wurin malam aka yi masa rubutu. Ya shanye rubutun tas, ya dawo gida da faifan da aka rufe ƙoƙon.

A Hawandawaki aka haife shi, gidan manoman gero kaka da kakanni, amma hauya ba ta taɓa zama daidai a hannunsa ba. Aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, ko Allah zai sa ya zama wani abu. Bai je ko'ina ba aka koro shi, don an wayi gari duk bik ɗin rubutu da ke ajin ba mai marfi, har jan na mushe, wato malaminsu. Ubansa ya yi tagumi, daga baya ya kai shi Tasawa wurin wani mai facin taya, ya ce a riƙe shi ko da a bakin tuwo ne.

To, a can ne Sirajo ya gamu da abin da ya sace masa zuciya har yau, wato ɗan bakin nan na robar cikin taya, inda ake hura iska. Iska ta shiga, ba ta fita. Ka danna ɗan tsinken da ke ciki ta fito, ka saki ta tsaya cak. Ranar da ya fara ganin wannan abin al'ajabi sai da ya sace iskar tayoyin rumfar kaf, yana dannawa yana saki, har da na motar wani alhaji da ya shiga salla yana sauri ya wuce Maraɗi. Ya sha mari lafiyayye, amma ya ce ko yanzu kasuwa ta tashi ɗan koli ya ci riba.

Da ya iya sana'a ya dawo gida ya kafa rumfa a gindin wani gawo, bakin hanyar rairayin da amalanke da moto, wato babur, ke bi. Faci yana ciyar da shi, amma ba shi ne ransa ba. Ransa yana cikin wani buhu da ke rataye a rumfar, cike da marafa: na man goge haƙori, na gam, na sabulun ruwa, na man birki, duk wata gora ko kwanso da ake matsawa abu ya fito. Wani in ya je kasuwar Mayahi sai ya dawo wa iyalinsa da tsaraba. Sirajo sai ya dawo da aljihu cike da abin da ya tsinto a juji, yana murmushi.

"Rufewa ba wuya, buɗewa ba wuya," haka yake gaya wa duk wanda tsautsayi ya zaunar a bencinsa. "Marfin kirki shi ne wanda ya san lokacin rowa, ya san lokacin kyauta."

A yi masa adalci, wani lokacin yana dacewa. Shi ya yi wa mai shayin bakin kasuwa marfin gorar madara wanda tururuwa ta yi ta zagaye har ta haƙura. Amma kuma shi ya yi wa wata mai man gyaɗa marfin da ya riƙe mai gam tun daga gida, sai da ta ɗora tallan a ka ta shiga tsakiyar kasuwa sannan ya ga lokacin kyauta ya yi. Matar har yau ba ta amsa gaisuwarsa.

Yanzu sai mu zo kan surukinsa, Baba Rufa'i. Iyayensa daga Abzin suka gangaro da raƙuma suka zauna wajen Mairairai. Shi kuma wani fari ya cinye masa dabbobi, ya ƙaraso Hawandawaki da 'yan awaki, da ɗiyarsa Hafiza, da girman kan da ya fi awakin yawa. Matarsa ta riga ta rasu. Hausa yake yi kamar kowa, noma yake yi kamar kowa, amma abu guda bai saki ba, shi ne rawani da amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe hanci da baki. A wurinsu babban mutum ba ya barin a ga bakinsa. Duk garin ba wanda zai ce maka ga yadda leɓensa yake. In zai sha shayi sai ya cusa ɗan kofin ta ƙarƙashin amawali, kofi ya shiga a cike ya fito wayam.

Yadda aka yi ya ba Sirajo ɗiyarsa har yanzu mutane suna mamaki. Abin da aka sani dai, wata rana bidon ruwan tsohon, wato jarkarsa, yana yoyo a kan jaki, Sirajo ya tare jakin ya yanko roba ya sa a cikin marfin, yoyo ya tsaya. Tsoho ya dube shi ta saman amawali bai ce ko sannu ba. Da Sirajo ya aiko neman aure daga baya, sai ya ce a ba shi, yaron ba ya son ɓarna.

Sai dai fa surukuta a gidan nan ba ta wasa ba ce. Sirajo bai taɓa kama sunan tsohon ba, bai taɓa jefa ko ƙwayar gyaɗa a baki a gabansa ba. In ya hango shi a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ko da rairayi na toya ƙafa. Hafiza kuwa ɗiyar fari ce, uban ba ya kiran sunanta, ita ma ba ta zama inda yake ci. Mutum guda ce a duniya ke iya gaya wa Baba Rufa'i magana son ranta, ita ce Hindu, tobashiyarsa, wata tsohuwa mai bakin tsiya da ke zaune a gidan tana yi masa shara. Tsakanin tobasai ba a fushi, ita kuwa ta riƙe wannan dama da hannu biyu, har angona take ce masa don tsokana.

Bara waccan, bayan an gama shigar da gero rumbu, hannun tsoho ya fara rawa. Da fari ya ɓoye shi cikin riga. Sai ranar wani suna, a gaban dattawan gari, aka miƙa masa shayi. Kofi bai kai ga amawali ba ya kife, shayi ya bi rawani ya sauka a gaban riga. Ba wanda ya yi dariya, wallahi ba wanda ya yi. Amma tsoho ya miƙe ya tafi gida, daga ranar bai sake shan komai a gaban mutum ba.

A ɗaki ma abin bai yi sauƙi ba. Ludayi ya zama abokin gaba, kafin ya iso baki rabin furar na ƙasa. Hindu ta ce ta ba shi a baki, ya ce gara a haƙa masa kabari. Aka kai shi dispanser, ɗakin shan magani, a kan amalanke, majo mai duba marasa lafiya ya duba ya ce rawar hannun ba ta da magani a wurinsa, amma dole tsoho ya riƙa shan fura da kunu sosai, in ba haka ba jikin zai tafi. Jikin kuwa ya kama hanya. Ƙwarya ta shiga ɗaki, ta fito kusan yadda ta shiga, tabarma a jiƙe. Magana ta fito fili: in Baba Rufa'i bai samu abin da zai sha da hannunsa ba tare da ya zubar ba, yunwa za ta kashe shi a gidan da rumbu ke cike.

Hafiza ce ta gaya wa mijinta tana share hawaye da bakin zane. Allah Ya gafarta wa Sirajo, sai da wani ɗan daɗi ya fara ratsa shi kafin tausayi ya iso. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki!

"Ki daina kuka," ya ce. "Wannan ai aikin marfi ne."

"Kai dai komai marfi. Ubana na mutuwa kana zancen marfi?"

"Gora mai laushi za a samu, wadda ko ta faɗi ba ta zubewa. Shi matsa, ta ba shi. Shi saki, ta rufe. Ba ludayi, ba hannun kowa."

Hafiza ta dube shi ta ga da gaske yake. Ta ce to.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Tela yana auna mai riga, baduku yana auna ƙafa. Sirajo kuwa zai yi wa baki aiki, bakin da bai taɓa gani ba, ba shi da ikon gani, ba shi da ikon tambaya. Don haka sai ya mai da kansa suruki. Ya ari tsohon zanen Hafiza ya naɗa a ka ya rufe baki, ya shige bayan rumfa yana karkaɗa hannu da gangan, yana cusa gora ta ƙarƙashin zanen. Wani mai amalanke ya zo faci ya leƙa ya gan shi, ya juya da jakinsa a guje, taya ba iska. Kafin azahar labari ya zagaye gari cewa iskokin gawo sun kama Sirajo.

Marfin farko ya rufe gam, ko ɗigo ba ya fita. Aka cika gora da fura da safe, Hindu ta kai. Tsoho don girman kai ya ƙi taɓa ta, ya bar ta a bakin ƙofa cikin rana har la'asar. Kowa ya san abin da fura ke yi in ta ji rana kuma ba ta da wurin numfashi. Hindu ta shigar masa da ita ɗaki ta murɗe marfin, daga nan ta dawo rumfa da gorar, kallabinta fari fat.

"Sarkin marafa," ta ce, "albishirinka. Rufin ɗaki ya sha, bango ya sha, ni ma na sha ta kunne. Angona ne kaɗai bai samu ba."

"Inna, mi ya ce?"

"Ya ce in tambaye ka ko gadon awakinsa kake sauri."

Na biyu Sirajo ya yi masa ɗan hanci siriri irin na kwanson gam, ya bar wa iska hanya. Sai gudajin fura ya toshe hancin. Tsoho ya matsa, shiru. Ya haɗa hannu biyu da gwiwa ya matsa, marfi ya fita fit ta ƙofa ya sami zakaran Hindu a ƙeya. Zakara ya rayu, amma tun daga ranar da rana tsaka yake cara.

Na uku kuwa, kai, na uku ya yi kyau. Sirajo ya sami roba mai laushi ya shimfiɗa a bakin marfin, ya tsaga ta giciye da reza. In an matsa gora tsagar ta buɗe, in an saki ta haɗe bakinta. Ya sa Hafiza ta riƙa tace furar. Ya kife gorar a kan kansa bai jiƙe ba, ya yi jifa da ita ba ta zubar ba. Hindu ta kai, ta dawo da ita wayam, tana guɗa tun daga zaure.

Aka yi 'yan kwanaki tsoho na sha. Ƙarfi ya fara dawowa, har ya ce a shimfiɗa masa buzu a zaure, zai karɓi gaisuwa. Liman ya zo, dattawa suka zo, zaure ya cika. Tsoho ya zauna ƙyam, gorarsa a ɓoye cikin riga, bakinta a ƙarƙashin amawali, ba mai ganin komai. Ana cikin zancen damina ya matsa ya sha, ya saki.

To, gorar roba in an matsa ta aka saki dole ta ja iska ta koma yadda take. Ta wannan tsagar kuma za ta ja, ta cikin kaurin fura. Ƙarar da ta fito daga cikin rigar Baba Rufa'i, ba sai an faɗi irinta ba. Doguwa ce, mai lanƙwasa a ƙarshe.

Zaure ya yi tsit. Liman ya ɗaga kai yana nazarin azarar rufi. Wani dattijo ya kama tari da ƙarfi don ya rufa asiri, amma ya makara. Abin takaicin, kunnen tsoho ya yi nauyi, shi bai ji komai ba. Ya ga an yi shiru, ya ɗauka girmamawa ce, ya gyara zama ya sake matsawa. Sai da abin ya yi ta faruwa har liman ya tuna yana da wani uzuri a masallaci, kowa ma ya tuna nasa.

Sirajo fa ya sha jin wannan ƙara a bayan rumfa. Amma mutumin da ya wuni cikin taya, wannan ta yi tsaki waccan ta yi huci, kunnensa ya daina ɗaukar irin wannan a bakin komai. Ko a ransa bai kawo ba.

Da tsoho ya tambayi Hindu abin da ya kori baƙinsa, da ta yi shiru da an zauna lafiya. Ina! Sai da ta kwaikwaya masa da bakinta, a saitin kunne, har da lanƙwasar. Baba Rufa'i ya tashi ya shiga ɗaki ya saki asabari. Garin neman gira an rasa ido: da ba ya sha a gaban mutane, yanzu ko shi kaɗai ya ƙi.

Sirajo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya daina faci, masu amalanke suna zuwa suna komawa. Ya zazzage buhunsa a ƙasa ya zauna a tsakiya, har ya dace da marfin gorar sabulun ruwa, irin wanda ake jan kansa sama ya buɗe, a danna ya rufe. Ya ƙera irinsa da faɗi. Ya huda wa iska ƙofarta daban a gefe, ya lulluɓe ta da ɗan ƙyalle don ta shiga ba sallama. Hannun tsoho ba zai iya jan kan marfin ba, amma wannan ba matsala, sai ya kama da haƙori ya ja.

"Ka tabbata zai iya?" in ji Hafiza.

"Haba! Mutumin da nake kai wa kilishi duk ran kasuwa tun kafin aurenmu? Ko sau ɗaya bai taɓa maido shi ba. Haƙoran Baba sun fi nawa."

Ya gwada a bakinsa, ya gwada a bakin mai shayi, ya sa liman da kansa ya kasa kunne ya shaida gorar ba ta ce uffan ba. Hindu ta roƙi tsoho har ya yarda aka ajiye masa ita. Da yamma ta fito da ita a cike. Washegari ma a cike. Sirajo ya jujjuya marfin a rana yana neman ko alamar haƙori, bai ga komai ba, sai ɗan danshi a kansa.

Rannan Hindu ta zo rumfa ba ta ce sarkin marafa ba. Ta zauna a benci ta ajiye gorar a hankali.

"Sirajo," ta ce, "yau da zai yi salla a zaune ya yi. Ya ɗauki abin nan, na ji motsinsa, ya daɗe da shi. Ban san mi ya hana ba, ya ƙi gaya mini."

Jin Hindu ta kira shi da sunansa ya fi komai tayar masa da hankali. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron tsohon nan zai mutu da ƙishi da gorarsa a hannu. Ya tashi da hantsi ya nufi gidan, ya wuce zaure, ya wuce inda ƙafarsa ba ta taɓa wucewa ba. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa a ƙofar ɗakin, ya juya wa asabari baya don kunya.

"Baba, ina kwana," ya ce a hankali, yadda ya kamata.

Shiru.

Hindu ta leƙo daga madafa. "Ɗaga murya, ba ya ji!"

Wayyo Sirajo. Mutumin da bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba, ga shi yana kwarara masa ihu har maƙwabta na leƙe ta katanga. "BABA! KA GAFARCE NI! BA RASHIN KUNYA BA NE! INA NE ABIN YA ƘI?"

Can wata murya ta fito, siririya.

"Wanga mai faci. Shigo."

Ya shiga da baya, yana laluben ƙasa da hannu, ya taka buta.

"Juyo, kada ka rushe mini ɗaki."

Ya juyo, kansa a ƙasa. Tsoho na jingine da bango, rawanin ya yi masa yawa. Sai Sirajo ya ga hannayen nan biyu masu rawa sun tashi sun nufi amawali. Suka kama, ya kuɓuce. Suka sake kamawa. Sirajo ya so ya taimaka, ya so ya gudu, ya kasa ko ɗaya. A ƙarshe ƙyallen ya sauka.

"Ɗago kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duba da kyau, don ba za ka sake gani ba."

Sirajo ya ɗago. Ƙaramin baki ne, ya shige ciki, fatar wurin fara sol don ba ta san rana ba. Tsoho ya buɗe shi. Babu haƙori ko ɗaya, sai dasashi.

"Baba... tun yaushe?"

"Tun kafin ka san hanyar gidan nan."

"To kilishin fa?"

"Kana tsammani kyanwar Hindu banza ta yi wannan ƙiba?"

Dariya da kuka suka taso wa Sirajo tare, ya rasa wanda zai bari ya fita. Shekara da shekaru mutumin nan yana karɓar kilishi yana sa albarka, don kada yaro ya ji kunya, don kada kuma a sani. Yau ga shi ya buɗe abin da ko ɗiyarsa ba ta gani ba, a gaban wanda ya fi kowa cancantar a ɓoye masa.

"Ka gama kallo?"

"Baba, da saura. Ban san ƙarfin wurin ba. In robar ta yi tauri ba za ta buɗe ba, in ta yi laushi za ta zubar."

Tsoho ya yi tsaki. "Wanke yatsanka ka kawo."

Sirajo ya wanke da ruwan butar da ya taka, ya miƙa yana kallon bango. Baba Rufa'i ya kama yatsan ya datsa da iyakar ƙarfinsa, kuma ga alama ya haɗa har da haushin zaure a ciki. Sirajo ya ce, "Wash!"

"Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"To fita. In kuma wani ya ji abin da ka gani, ɗiyata za ta dawo gida."

Sirajo ya san abin da ake bukata, ya kuma san ba a buhunsa yake ba. Ya hau moton haya sai Tasawa, ya shiga wani butik, wato kanti, ya yi ƙasa da murya ya ce a ba shi kan roba irin na gorar jarirai, mafi girma. Mai butik ya washe baki.

"Masha Allahu, an samu ƙaruwa! Mace ko namiji?"

"Namiji."

"Allah Shi raya. Ya fara haƙori?"

"Tukuna," in ji Sirajo.

"Kada ka damu, suna nan tafe."

Sirajo ya ce amin, ya karɓi kayansa ya fito.

A rumfa ya faɗaɗa tsagar robar daidai kaurin fura, yana gwada ta da yatsan nan da har yanzu ke zogi, sai da ya ji ta buɗe da irin matsin da ya sha. Ya dasa ta a kan marfin mai ƙofar iska a gefe. Daga nan ya kai wa baduku, aka lulluɓe gora da marfi da jar fata, aka yi mata tuntu da rataya, aka bar ɗan kan robar kaɗai a waje, shi ma an kewaye shi da fata. Duk wanda ya gani zai ce jakar layun wani babban mutum ce.

Wannan karon bai aiki Hindu ba. Hafiza ta dama fura ta tace ta cika, ta biyo shi har tsakar gida ta tsaya a bakin turmi, don iyakarta ke nan. Sirajo ya shiga ya ajiye gorar a gefen buzu, ya juya baya ya zauna yana kallon ƙofa.

Ya ji motsin fata. Ya ji numfashi. Sai shiru, shirun da ya yi tsawo har ya fara karanto duk addu'ar da ya sani. Can sai ya ji wani ɗan sauti a bayansa, ƙwat. Ya ƙara kasa kunne. Ƙwat, ƙwat, ƙwat, maƙogwaron tsoho na aiki, gora kuwa ba ta ce komai ba. Sirajo bai juya ba. Hawaye na zuba a kan gwiwarsa, ya bar su, don in ya ɗaga hannu ya share tsoho zai gani.

Da sautin ya tsaya sai wani abu ya bugi bayansa. Gorar ce aka jefo. Ya ɗauka ya fita da ita ya miƙa wa Hafiza. Ta girgiza ta a kunne, ta sake girgizawa. Babu ko ɗigo. Ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da zane.

Sai ga murya daga ɗaki, ta fi ta ɗazu ƙarfi nesa ba kusa ba.

"Wa ya dama wannan fura? Ruwa zalla, ba nono! So kuke ku kashe ni?"

Hindu ta saki muciya ta ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi, tsiya ta dawo! Angona ya tashi!"

"A damo wata!" in ji muryar. "Da kauri!"

Hafiza ta share ido ta suri ƙwarya ta nufi gidan masu nono a guje, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.